Yadda Za Ka Ci Gaba da Rubutu Ko da Ba a San Ka Ba

Duk wanda ya ɗauki alƙalami a Najeriya ya kamata ya fara yi wa kansa lissafin gaskiya. Kyautar adabi ta kamfanin iskar gas na NLNG, wadda ta kai dala 100,000, ta masu rubutu da Turanci ce, kuma tana zagayawa tsakanin zube, waƙa, wasan kwaikwayo da adabin yara, saboda haka mai ƙagaggen labari sai ya jira shekara 4 kafin layi ya sake zuwa kansa. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016, ta mata ce, kuma kaɗan ne ke samun kyauta cikin ɗimbin masu shiga. Waɗanda suka daɗe a fagen nan akasari ba kyauta ce ta riƙe su ba. Wani labari ne ya tsaya musu a rai, suka ga idan ba su faɗe shi ba babu mai faɗa.

Saboda haka, ka raba rubutu da neman abinci. Ka riƙe aikinka ko sana'arka, domin marubucin da ke jiran littafi ya biya masa kuɗin haya a Abuja zai tsani littafin kafin ya kammala shi. Sannan ka ware lokacin da babu mai ƙwace maka. Ga wasu bayan sallar asuba ne. Ma'aikacin da ke fitowa daga Mararaba ko Nyanya zuwa cikin Abuja kuwa, muddin ba shi ke tuƙi ba, cunkoson hanya ya ishe shi ya rubuta shafi guda a wayarsa kowace safiya.

Ka nemi mutum biyu ko uku da za su karanta aikinka ba tare da kara ba. Masu rubuta "Allah ya ƙara basira" a WhatsApp suna faranta rai, amma ba su taɓa gyara jimla ba. Ƙungiyar marubuta ta ANA, wadda aka kafa a 1981, tana da Ƙauyen Marubuta na Mamman Vatsa a Mpape da ke Abuja, kuma shiga cikin masu irin wannan ƙwazo yana sa mutum ya ji kunyar zuwa hannu rabbana.

Ka kuma adana kowane babi a wuri biyu, a waya da imel. Manhajar OkadaBooks, inda marubuta da yawa ke sayar da littattafansu, ta rufe a 2023.