Yadda ake haɗa gasar otokuros ranar da ruwan sama ya ɓalle

Da farko dai ga wanda bai san otokuros ba, wasan mota ne da ake yi sosai a Amurka, a samu ƙaton fili mai kwalta ko siminti, irin wajen ajiye motoci na filin ƙwallo ko tsohon filin jirgi, a jera robobin nan masu ruwan lemo da ake cewa kon, su zama hanya mai kwana-kwana, mota ɗaya ke shiga ita kaɗai ana auna mata lokaci. Ba a gwabza mota da mota. Ka ture kon ɗaya a ƙara maka sakan 2. Ƙungiyar masu wasannin mota ta Amurka, wato SCCA, da aka kafa a 1944 ita ce uwa a harkar, kuma babbar gasarsu ta ƙasa a Lincoln ta jihar Nebraska ake yinta. Su a wajensu ruwa baya hana gasa, sai dai aiki ya ƙaru kan mai shiryawa, toh shi nake so muyi magana a kai.

Ka je filin da sassafe kafin ka ajiye kon ko ɗaya, ka taka shi da ƙafarka ka ga inda ruwa ke kwanciya. Duk inda kududdufi yake kar ka sa wajen taka birki ko kwana a wurin, saboda taya idan ta shiga ruwa da gudu hawa kan ruwan take yi, sitiyari ya zama kamar ba a haɗa shi da komai ba. Layukan fenti da murfin kwalbati na ƙarfe suma santsi ne da su kamar an zuba kuɓewa. Sannan yayyafin farko bayan an daɗe ba ruwa yafi mamako haɗari, don shi ke taso da baƙin mai da ƙurar da suka kwanta a kwalta.

Inda mutane suka fi yin kuskure gaskiya shine su bar zanen hanyar da suka tsara don busasshen fili a yadda yake. A dokar SCCA hanya bata matsowa kusa da abu mai tauri, kamar fal ɗin wuta ko katanga, ƙasa da ƙafa 25, 'yan kallo kuma ƙafa 75. Wannan mafi ƙaranci kenan, ni a jiƙaƙƙen fili ƙarawa nake, tunda tazarar tsayawar mota tana iya ninkawa biyu idan titi ya jiƙe. A kowace kwana ka tsaya ka tambayi kanka, in motar nan ta ƙi juyawa ta zarce kai tsaye me zata tarar? In amsar mutum ce ko fal, sauya kwanar. Ka rage miƙaƙƙen wuri, musamman dab da layin ƙarshe, don nan ne direba ke danna totur har ƙasa yana neman rabin sakan, ya wuce layi sannan ya tuna akwai birki. A bar masa doguwar hanyar tsayawa wadda bata kallon inda motoci ke layi.

Sai wata ƙaramar matsala mai cin rai, allin da ake zagaye gindin kowane kon da shi don a san mazauninsa, ruwa na zuwa ya wanke shi tas. Ka nemi kirayon mai maiƙo irin wanda ake sa alama a katako. Na'urar auna lokaci ma a rufa mata leda, amma kar a toshe idonta, feshin ruwa yakan sa ta ƙirga motar da bata wuce ba.

Wajen duba motoci a dage kan taya. Suɗaɗɗiyar taya bata shiga, komai magiyar mai ita. A duba waifa, a ga batir a ɗaure yake, a kwashe tarkace da shimfiɗar ƙafa, hular kwano kuma dole. Masu tafin takalmi a jiƙe su goge kafin su hau, ƙafa na zamewa daga kan birki.

Yanzu masu tsayuwa cikin fili suna gyara kon, wallahi su nafi ji. Direba yana cikin ƙarfe da bel da hula, su kuwa daga su sai rigar ruwa. A matsar dasu nesa fiye da kullum, ɓangaren cikin kwana, kar su zauna, kar su juya wa mota baya, kowane rukuni da jar tuta da abin kashe gobara da rediyon oba-oba. Lema bana sonta a nan, tana tare gani kuma iska na fizgarta. Kon ya faɗi mota na tahowa? A barshi, roba ce. Kuma a ƙara tazara tsakanin sakin mota da mai bi mata, don in ta gaba ta juya a samu lokacin ɗaga tuta.

Walƙiya kam babu ciniki. Ƙarar tsawa na tafiyar kusan kilomita ɗaya a sakan 3, in ka ga walƙiya ka ƙirga baka kai 30 ba tsawa ta biyo, hadarin na cikin kilomita 10, a tsaida komai kowa ya shige mota mai rufin ƙarfe ko gini, rumfar tanti bata kare kowa. Sai an yi minti 30 da jin tsawar ƙarshe a dawo. Za a samu masu ƙorafi cewa su a jiƙe suka yi gudu wasu kuma fili ya bushe musu, shi yasa tun a taron direbobi na safe ake faɗa musu mutum ɗaya ne, jami'in tsaro na gasar, ke da ikon tsayarwa, kuma 'yan aji ɗaya, wato masu motocin da ake gwada lokacinsu da juna, a rukuni ɗaya ake sakinsu.