Kurakuran da ke cinye kuɗin mai haɗa kwamfutar gem da ƙaramin jari

Kuskuren da aka fi yi shi ne mutum ya zuba rabin kuɗinsa a kan furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, sannan ya nemi katin hoto da ɗan abin da ya rage. A yawancin wasanni katin hoto ne ke ɗaukar nauyi. Furosesa mai matsakaicin ƙarfi irin Ryzen 5 5600 ko Core i5-12400F ta ishe ka, sauran kuɗin ka kai su kan kati. Sai ka ga an ɗora babbar furosesa irin Core i9 a kan katin da ba ya iya jan wasannin bana, ka rasa me aka saya.

Sai dai a kula, waɗannan biyun ba su da sashen hoto a cikinsu. Harafin F a ƙarshen sunan furosesar Intel abin da yake nufi ke nan. Don haka wayar monita a jikin katin ake sa ta, can ƙasa, ba a ramin madabod ba, wato babban allon da ake jona duk kayan a kansa. Da yawa daga masu kukan "ta ƙi kawo hoto" nan suka kuskure.

Daga nan sai rashin dacewar kaya. Ryzen 5000 na zama a kan mazaunin furosesa na AM4 da RAM (ma'adanar wucin gadi) irin DDR4, Ryzen 7000 kuwa AM5 take buƙata, kuma DDR5 kaɗai take karɓa. Madabod na LGA1700, mazaunin furosesar Intel, ya fi rikita mutane: akwai mai DDR4, akwai mai DDR5, kowanne da irin tasa. Tsagar da ke jikin sandar RAM ɗin ma ba wuri ɗaya take ba, idan ta ƙi shiga kada ka danna da ƙarfi. Tsohon madabod na B450 kuma yakan buƙaci a sabunta masa BIOS, wato manhajar da ke cikin madabod, kafin ya gane Ryzen 5000, ka tambaya kafin ka biya.

RAM sanda biyu na 8GB sun fi sanda ɗaya ta 16GB. A yawancin madabod masu rami huɗu, na biyu da na huɗu daga gefen furosesa ake sa su. Ka shiga BIOS ka kunna saitin gudun RAM, wato XMP, ko EXPO idan AM5 ne, in ba haka ba RAM ɗin ƙasa da gudun da ka biya zai yi aiki.

Inda ba na ragawa kowa shi ne na'urar ba da wuta. Nan ake cewa "ai wuta kawai take bayarwa", a ɗauko marar suna da aka rubuta wa 800W. Araha ba ta ado. Idan irin wannan ta ƙone, tana iya tafiya da kati da madabod gaba ɗaya. Katin RTX 4060 wajen 115W yake ci, na RX 6600 kuma 132W, saboda haka 550W daga kamfanin da aka sani ta wadatar. Tambarin 80 Plus rage asarar wuta yake nunawa, ba shaidar inganci ba ne shi kaɗai, sai ka duba gwajin da masana suka yi wa samfurin.

Fitilu masu launi ba sa ƙara gudun wasa, kuɗinsu ya fi amfani a SSD, wato ma'ajiyar bayanai mai sauri. Kafin ka sayi akwatin kwamfutar, ka duba tsawon katin da kamfani ya rubuta a milimita, ka gwada da wurin da akwatin ya bari bayan an ɗaura fankokin gaba.