Kurakuran da ake yi wajen auna kitsen jiki da kayan awo masu araha

Mutum ya hau sikelin nan mai nuna kitse da safe ya ga kashi 24 cikin ɗari, da yamma ya sake hawa ya ga 21, sai ya ce ko dai sikelin ya lalace ko kitsen ya narke. Babu ɗaya daga ciki. Kitse ba ya raguwa haka a yini guda. Abin da ya canza shi ne ruwan jikinsa, kuma nan ne aka fi yin kuskure.

Irin wannan sikeli ba ya ganin kitse. Wata 'yar wutar lantarki mara ƙarfi yake turawa ta tafin ƙafa ɗaya ta fita ta ɗayar, ya auna yadda jiki ya tare ta. Tsoka cike take da ruwa, wutar na ratsa ta cikin sauƙi, shi kuwa kitse ruwansa kaɗan ne, yana tare ta. Daga nan sai sikelin ya haɗa da tsayi da shekaru da jinsin da ka saka masa, ya yi kirdado. Saboda haka duk abin da ya taɓa ruwan jiki zai taɓa lambar: cin abinci, shan ruwa da yawa, gumin motsa jiki, jinin al'ada ga mata, har da tsayuwar yini da ke tara ruwa a ƙafafu. Gyaran ba shi da wuya. A hau da safe bayan an yi fitsari, kafin a ci ko a sha komai, ƙafa a bushe, sikelin a kan daɓe mai tauri, kullum a lokaci ɗaya. Wanda aka sa wa na'urar daidaita bugun zuciya kada ya hau shi sam, mai juna biyu ma ta bar shi.

Ni dai na fi yarda da tef irin na tela, duk da shi ne mafi arha. Akwai lissafin da rundunar sojan ruwan Amurka ta fito da shi a 1984, wanda masu bincike Hodgdon da Beckett suka tsara. Namiji yana auna tsayinsa da wuyansa da cikinsa daidai cibiya. Mace tana auna tsayi da wuya da ƙugu a inda ya fi siranta, sannan ɗuwawu a inda ya fi faɗi. A saka lambobin a kowace manhaja da ke intanet mai yin wannan lissafi, amsa ta fito. To amma a nan ma mutane suna yaudarar kansu. Ana shanye ciki, ana ja tef har ya nutse cikin fata, ko a auna inda wando ke zama, ƙasa da teɓa, alhali cibiya aka ce. Santimita biyu ko uku da aka sace ta haka sun isa su sauya amsar. A tsaya a miƙe, a saki ciki, a fitar da numfashi yadda aka saba, sannan a karanta. Tef ɗin ya kwanta a fata ba tare da ya matse ba, kuma a duba madubi kada ya karkace ta baya. Wuya kuwa ƙasa da maƙogwaro kaɗan ake aunawa. A yi sau biyu ko uku a ɗauki matsakaicin.

Sai ɗan awartakin roba mai lambobi da ake matse fata da shi. Yana aiki sosai a hannun wanda ya saba, amma sabon hannu yakan damƙo tsoka tare da kitse, ko ya canza wuri kowane mako. A tsarin masu bincike Jackson da Pollock, maza suna auna ƙirji da ciki da cinya, mata kuma bayan dantse da saman ƙashin ƙugu da cinya, duka a ɓangaren dama. A ɗago fata da yatsu biyu, a sa awartakin kamar santimita ɗaya daga yatsun, a jira daƙiƙa biyu kafin a karanta. Bayan dantse ba ya aunuwa da kai, sai an samu mai taimakawa, kuma ya zama mutum ɗaya ne kullum. A tuna kitsen ƙarƙashin fata kaɗai yake kamawa, ba ya kaiwa ga wanda ya kewaye hanji da hanta, wanda shi ne ya fi alaƙa da ciwon suga da ciwon zuciya.

Wasu kuma suna ɗaukar BMI, wato lambar da ke nuna ko nauyin mutum ya dace da tsayinsa, a matsayin awon kitse. Nauyi ne kawai da tsayi, bai san tsoka daga kitse ba.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake riƙe lamba ɗaya kamar hukunci. Duk hanyoyin nan suna iya kaucewa da maki uku zuwa huɗu, wani lokaci fiye. Idan tef ya ce 22, gaskiyar na iya zama 19 ko 25. Ko na'urar DEXA ta asibiti mai tsada, wadda ke ɗaukar hoton jiki don auna kitse, tana da nata kuskuren. Don haka kada a kwatanta amsar sikeli ta yau da amsar tef ta watan jiya. A zaɓi hanya ɗaya, a rubuta sakamako duk bayan mako biyu zuwa huɗu, a duba ko yana sauka ko yana hawa cikin watanni. Kada mace ta gwada lambarta da ta namiji, domin jikinta yana buƙatar kitsen dole wajen kashi 10 zuwa 13, namiji kuma 2 zuwa 5, kuma neman sauka kusa da nan haɗari ne ga lafiya.

Wanda lissafin kashi cikin ɗari ya gundura, ya auna ƙugunsa tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da saman ƙashin ƙugu, ya ga ko bai kai rabin tsayinsa ba. Hukumar NICE ta Birtaniya, mai ba da shawarwari kan kiwon lafiya, ta sa wannan cikin shawarwarinta a 2022. Mai tsayin santimita 170, ƙugunsa ya tsaya ƙasa da 85. Idan ya wuce, lokaci ya yi da zai je a duba masa hawan jini da sugan jini.