Yadda Za Ka Kalli Mawaƙan Pank Na Kirista Kai Tsaye Daga Ƙauye

Mu da muka tashi a ƙauyukan Kiristocin Hausawa na ƙasar Sumaila, kunnenmu ya saba da tulun Zumuntar Mata da kacau-kacau, da waƙoƙin 'yan Sabon Rai, da waɗanda ake rerawa a sujadar Lahadi tun zamanin kakanninmu. Kiɗan pank kuwa ta memorin waya ya shigo mana, a hannun wani ɗan kawuna da ya dawo hutu daga makaranta a Jos, kuma tun daga ranar da na ji ana yabon Allah da irin wannan gudu da wannan ƙarfi, ban daina marmarin ganin masu yin sa da idona ba. Na san ba ni kaɗai ba ne, shi ya sa na ga ya dace in rubuta yadda muke yi a wajenmu idan mawaƙan da muke so za su yi wasa, domin wanda yake Karaye ko Rogo ko Gwaram ya samu abin kamawa.

Yana da kyau ka fara sanin asalin abin da kake so, saboda za a tambaye ka. Pank ya ɓullo ne a tsakiyar shekarun 1970 a biranen Niyok da Landan, kuma kayansa ba su da yawa: jita, da jitar bes mai kauri, da ganguna, sai murya. Waƙa ɗaya ba ta cika wuce minti biyu ko uku ba. A farkon shekarun 1980 wasu matasan ikilisiya a Kalifoniya, irin su ƙungiyoyin Undercover da Altar Boys, suka ɗauki salon suka zuba masa saƙon bangaskiya. Daga baya kamfanin faifai na Tooth & Nail, wanda aka kafa a 1993, ya fito da ƙungiyoyi da dama, ciki har da MxPx ta garin Bremerton a jihar Washinton, wadda ta fara a 1992. Five Iron Frenzy ta garin Denba ta biyo baya a 1995, ita har da masu busa ƙaho, sannan Relient K ta garin Canton a jihar Ohayo a 1998. Duk a Amurka suke, kuma a can suke yawancin wasanninsu. Abin da ya sauƙaƙa mana shi ne tun lokacin annobar korona a 2020, da aka rufe wuraren taro, mawaƙa da yawa suka koyi watsa wasa kai tsaye ta intanet, har wanda yake gindin tsamiya a ƙauyenmu ya iya gani a daidai lokacin da ake yi.

Kada wani ya ce maka ai duk ɗaya ne da sauraren waƙar da ke cikin waya. Wadda ke cikin waya an tace ta an goge, an gyara duk inda murya ta zame. A wasan kai tsaye za ka ji makaɗin ganga ya haɗa sandunansa sau huɗu kafin a afka, ka ji haki a muryar mai waƙa, ka ga tsirkiyar jita ta tsinke an ci gaba ba a tsaya ba, ka ji ɗaruruwan mutane sun karɓi amshi har sun danne lasifika. Wannan shi ne abin da za ka hana idonka barci saboda shi.

Neman sanarwa shi ne aikin farko, kuma a shafin mawaƙan na gaskiya za ka neme ta, a Facebook ko Instagram ko YouTube. 'Yan damfara sukan buɗe shafi mai kama da nasu su ce a shigar da lambar kati kafin a kalla, don haka duk hanyar da ba mawaƙan da kansu suka wallafa ba, ka bar ta. Wani wasan kyauta ne, wani kuma sai da tikiti na dala, kuma ba kowane katin banki na naira ne yake biya a waje ba. Ka gwada naka tun da sauran mako biyu, idan ya ƙi ka nemi ɗan'uwa a birni ya saya maka. Ka karanta sharaɗin tikitin, ka ga ko ya yarda a sake kallo daga baya da kuma ko ya yarda a kalla a taro. Ko da ya yarda, ni ban goyi bayan a karɓi kuɗin shiga a ƙofa ba. Karo-karon kuɗin data da na mai tsakanin abokai daban ne, mayar da gumin wasu abin kasuwa daban ne. Akwai kuma wani bincike da ba na so ka tsallake: wasu ƙungiyoyin da suka fara a cikin ikilisiya sun daina kiran kansu mawaƙan Kirista, wasu daga cikin mawaƙansu ma sun faɗa a fili cewa sun bar bangaskiyar. Ka saurari abin da suke rerawa a yanzu, ka karanta kalmomin, kafin ka tara 'ya'yan mutane da sunan zumunta.

Lissafin lokaci shi ne inda aka fi faɗuwa, kuma a nan zan ɗan daɗe. Agogon Nijeriya ba ya canzawa duk shekara, amma na Amurka yana matsawa da awa ɗaya daga Lahadi ta biyu a watan Maris zuwa Lahadi ta farko a watan Nuwamba. A cikin waɗannan watanni mun riga gabashin ƙasar, wato su Niyok da Ohayo, da awa 5. Mun riga tsakiyarta, wato su Shikago, da awa 6. Mun riga yammacinta, wato Kalifoniya da jihar Washinton, da awa 8. Daga Nuwamba zuwa Maris kuwa sai ka ƙara awa ɗaya a kan kowanne, ya zama 6 da 7 da 9. A jikin sanarwa za ka ga haruffa biyu bayan lokacin: ET na gabas ne, CT na tsakiya, PT na yamma. Idan aka ce ƙarfe 8 na daren Asabar a Ohayo cikin watan Yuli, a wajenmu ƙarfe 1 ne na dare, an riga an shiga Lahadi. Idan aka ce ƙarfe 8 na daren Asabar a Kalifoniya cikin Janairu, a wajenmu ƙarfe 5 ne na asubahin Lahadi, ga sanyin hunturu, ga sujada tana jiran ka da hantsi. Ka rubuta ranar da lokacinmu a takarda ka manna a ƙofar ɗaki, domin kwanan da ke jikin sanarwa nasu ne, namu kusan kullum washegarinsa ne.

Da zarar ka ga cewa tsakar dare abin zai faɗo, ka san ba maganar kai kaɗai ba ce. Ƙauye da dare ba ya ɓoye sauti; tarin tsoho ma ana jin sa daga wancan gida, balle ganguna. Ka fara da fasto, kuma ka je da kanka, ba aike ba. Lokacin da muka fara, na same shi da yamma yana gyaran kekensa, na durƙusa na gaishe shi, na ce, “Baba Fasto, akwai mawaƙan da muke so za su yi wasa, muna roƙon a ba mu aron ajin makarantar Lahadi na dare ɗaya.” Ya ce in kunna masa ya ji. Bai kai rabin minti ba ya ɗaga hannu ya ce, “Ɗana, wannan waƙa ce ko faɗa ake yi?” Na riga na rubuto kalmomin waƙoƙi uku na fassara su da Hausa, sai na miƙa masa takardar. Ya sa tabarau ya karanta a hankali, ya daɗe a kan wadda take roƙon gafara, sannan shi da kansa ya tuna mini cewa Zabura ta 150 ta ambaci ƙaho da garaya da kuge masu ƙara a cikin kayan yabo. Ya ba mu ajin da sharaɗi biyu: dattijo ɗaya ya zauna tare da mu, kuma kowace yarinya ta zo da izinin gidansu, a raka ta zuwa a raka ta komawa. Ina ba ka shawara ka yi yadda na yi, ka tafi da fassara a hannu, domin dattawa ba ƙarar ce take damun su ba kamar rashin sanin abin da ake faɗa a cikinta.

Daga nan sai mai unguwa da maƙwabta. Yawancinmu katanga ɗaya ko gona ɗaya ce ta raba mu da 'yan'uwa Musulmi, rijiya ɗaya muke sha, kasuwa ɗaya muke ci. Ka je ka ce, “Ranka ya daɗe, matasa za su yi zaman kallo daren Asabar, mun zo mu sanar, kuma za mu kiyaye.” Ka kiyaye ɗin da gaske: a rufe tagogi, lasifika ta fuskanci cikin ɗaki, kuma idan aka kira sallar asuba a rage sauti sosai har a idar.

Maganar wuta da sabis gwaji take so, ba zato ba. Kwana biyu kafin ranar, ka je ɗakin a daidai sa'ar da za a yi wasan ka kunna wani bidiyo mai tsawo, ka ga ko yana tafiya. Sau da yawa sabis ya fi kyau da tsakar dare saboda mutane sun kwanta, amma ɗaki mai kwano da katangar ƙasa mai kauri yakan tare shi. Mu sai da muka ɗaure waya a saman gora ta bayan taga, muka jawo intanet ɗin daga gare ta zuwa kwamfutar malamin firamare. Ka saita ƙarfin hoton bidiyon a kan 480, wanda yake cin kimanin rabin giga a awa guda, maimakon 720 da yake cin ninkin haka ko fiye, kuma yake yawan tsayawa. A wasan kiɗa sauti ne uban tafiya. Ka tanadi data ta awa uku ko da an ce wasan na awa ɗaya da rabi ne, kuma ka riƙe layi biyu na kamfanoni daban-daban. Wannan darasi da ciwo na koye shi, daren da sabis ɗin layinmu ɗaya tilo ya ɗauke ana tsakiyar waƙar da muka fi so, muka zauna mu goma sha huɗu muna kallon hoto a daskare har gari ya waye. Batirin sola ya fi janareta, don ba ya ƙara kuma ba ya tada kowa, sai dai a goge ƙurar hunturu daga kan farantin tun da safe, a bar shi ya sha rana, kada kowa ya yi caji a jikinsa ranar. Da damina kuwa hadari yakan hana shi cika, sai ka yi magana da mai gidan kallon ƙwallo ya ba ku hayar nasa kayan.

A daren, ku hallara da rabin awa kafin lokaci, ku buɗe da addu'a, a raba takardun kalmomin waƙa, a ɗora shayi ko kunu a kan gawayi daga waje. Ku matsar da bencuna jikin bango, domin wannan kiɗa ba na zama ba ne, ƙafa da kanta take tashi. Mutum ɗaya kaɗai zai riƙa taɓa kwamfuta, kuma idan hoto ya tsaya kada ya yi ta dannawa, ya ba shi 'yan daƙiƙoƙi. Ku karɓi amshi tare da mutanen can, ko da Turancin bai zauna a baki ba. Na ga wata ƙanwarmu, wadda ko a ƙungiyar mawaƙa ba a jin muryarta, ta runtse ido tana rera amshi da iya ƙarfinta, takardar tana rawa a hannunta, dattijon da aka haɗa mu da shi kuma yana bin ganga da sandarsa a ƙasa. A ajiye wayoyi a aljihu, don wanda yake ɗaukar allo a waya bai ga wasan ba. Kada kuma a manna yara a bakin lasifika; ƙara mai ƙarfi tana lalata ji a hankali, kuma jin da ya tafi ba ya dawowa. Idan sai ka yi ihu na kusa da kai yake jin ka, sautin ya yi yawa.

Wanda Allah ya buɗe wa hanyar karatu ko aiki a ƙasar waje har ya samu shiga zauren wasan da ƙafarsa, ya sayi tikiti da wuri, ya tafi da abin toshe kunne, ya sa takalmi mai rufi. Ƙananan ƙungiyoyi ne suke fara buɗe fage, manyan sai can ƙarshe. A gaban dandamali akwai fili inda matasa suke tsalle suna bangazar juna, ba da fushi ba, kuma ƙa'idarsu ita ce duk wanda ya faɗi a tsaya a ɗaga shi. Idan ba ka son turereniya sai ka tsaya daga gefe ko kusa da mai kula da na'urar sauti, inda aka fi jin kiɗan daidai. Amma ban ce kowa ya sayar da gona ko ɗan bijiminsa saboda wasan dare ɗaya ba.

Idan an tashi, samari su raka 'yan mata har ƙofar gida da tocila, a mayar da bencuna yadda aka same su, a share ajin saboda yara za su shigo da safe, a kai wa malamin kwamfutarsa tare da batirin da aka ara. Ka ɗan runtsa idan da sauran lokaci, amma ka tabbata an gan ku duka a sujada, a layin gaba, tun kafin a fara waƙar farko. Da yamma kuma ka bi ta gidan mai unguwa da na maƙwabcin da ya fi kusa da ajin, ka yi godiya, ka tambaya ko an hana su barci, kuma abin da suka faɗa ka rubuta shi a bayan takardar lissafin lokaci domin zama na gaba.