Kafin 'yan sanda su iso: yadda ake kula da wajen da aka yi aika-aika

Bara da sanyi aka fasa shagon wani maƙocinmu mai sai da wayoyi, mun fito daga sallar asuba muka ga ƙofa a wangale. Kafin ƙarfe bakwai wallahi babu wanda bai taɓa kwaɗon da aka ɓalle ba, kowa sai ya ɗauka ya jujjuya ya ce kai waɗannan ƙwararru ne, yaron shago kuma don ya nuna ƙwazo ya ɗauko tsintsiya ya share ƙasan tas, rodin da ɓarayin suka bari wani ya ɗaga yana gwada yadda aka yi da shi. Da 'yan sanda suka zo sai suka tarar da shago fes da mutum arba'in kowa da nasa labarin. To me za su bincika?

Wani Bafaranshe Edmond Locard da ya buɗe ɗakin binciken 'yan sanda a birnin Liyon a 1910 shi ya shahara da maganar cewa duk wanda ya shiga waje sai ya bar wani abu nasa, ya kuma tafi da wani abu na wajen. Masu bin sawu a ƙauyukanmu sun daɗe da sanin haka, shi ya sa in an sace akuya za ka ga an kifa ƙwarya a kan sawun ɓarawo kar kaji da yara su tattake. Kai ma da ka shiga kallo kana barin naka, kana goge na mai laifin.

Farko dai ranka. Kar ka faɗa ciki da gudu, mai yiwuwa mutumin bai fita ba. Tsaya daga bakin ƙofa ka duba ko akwai wayar wuta a ƙasa, ko warin gas, ko janareta a kunne cikin gida a rufe. In ka ga mutane kwance babu rauni a jikinsu ga janareta yana aiki to hayaƙin ne, kuma gubar da ke kisan ba ta da wari, a buɗe ƙofofi da tagogi a kashe shi tukuna kafin a shiga ɗauko su. In kuma wani abu ne da ba ka gane ba mai wayoyi ko kamar gwangwanin ƙarfe, musamman ga mutanen Borno da Yobe, ba naka ba ne, kowa ya ja baya sosai a kira masu kwance bam.

Wanda ke da sauran numfashi asibiti kawai, rai ya fi kowace shaida. Kuma tun 2017 akwai doka a Najeriya da ta wajabta wa asibiti karɓar wanda aka harba ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba, asibitin ne zai sanar da su. Sai dai kafin a ɗaga shi wani ya ɗauki hoton yadda yake kwance, daƙiƙa biyu ne. Ka sa safar hannu, in babu ko leda ce ka zura hannunka ciki, saboda ciwon hanta da ƙanjamau ta jini suke bi in kana da 'yar tsaga a fata.

Daga nan a kira 112, kyauta ne, in bai shiga ba a nemi lambar DPO ko caji ofis mafi kusa, a kuma sanar da mai unguwa don shi mutane ke jin maganarsa. Sai a killace wajen da igiya ko benci ko babura, kuma a faɗaɗa fiye da yadda ake zato, don hanyar da mutum ya haura katanga da lungun da ya bi ya fita duk cikin wajen suke. A bar hanya ɗaya tal ta shiga da fita, can gefe inda ba sawu. Mutum ɗaya ya riƙe biro da takarda yana rubuta duk wanda ya shiga da lokacin, ko da Alhaji mai gidan ne. Sawun takalmi a yashi a kifa masa baho kafin iska ta shafe shi.

Wuƙa, kwanson harsashi, guntun sigari, robar ruwa, hula, duk a bar su inda suke. Bindiga kam ko kusa kar ka taɓa, ka ƙaddara tana da harsashi a ciki. Waya in an yar kar a kunna ta ana neman lambar ƙarshe da aka kira. Kar a shiga banɗakin gidan, kar a wanke jini.

Inda abin ya fi wuya shi ne gawa. Mu mun saba da gaggauta sutura kuma haka addini ya koyar, ga uwa tana kuka ga dangi suna cewa a yi masa wanka a kai shi makwancinsa kafin azahar, ba wanda zai so ya zama shi ne mai cewa a dakata. Amma in kisa ake zargi, wankan nan yana tafiya da abin da ke ƙarƙashin farcensa in ya yakushi wanda ya kashe shi, da gashi, da jinin da ba nasa ba. A samu dattijo ya lallashe su, "Hajiya ki yi haƙuri, likita ya gan shi tukuna, don haƙƙinsa ne." A kare shi daga idon jama'a da tabarma ko zani a tsaye, in dole sai an lulluɓe to da mayafi mai tsabta kuma a faɗa wa mai bincike. Haka wadda aka yi wa fyaɗe, kar ta yi wanka kar a wanke kayanta, a kai ta asibiti nan take, maganin kariya daga ƙanjamau cikin awa 72 ake fara shi.

Waɗanda suka ga abin da idonsu a raba su kar su zauna suna hira, don cikin minti goma labarinsu zai koma ɗaya, na wanda ya fi baki. Kuma don Allah a bar ɗora gawar mutane a Facebook da TikTok. In ka ɗauki bidiyo ka bar asalinsa a wayarka, wanda aka tura ta WhatsApp ingancinsa ya ragu, kuma sashe na 84 na dokar shaida ta 2011 yana da sharuɗɗa kan irin wannan kafin kotu ta karɓa. Mai kyamarar CCTV a layin a je wajensa ranar, don yawancinsu sabon ɗauka yana goge tsoho bayan 'yan kwanaki.

In masu bincike sun zo, aikin da ya dace shi ne hoto kafin a taɓa komai, daga nesa, daga tsakiya, sai dab da abin an ajiye rula a gefensa, sannan zanen wajen da awo. Kowane abu jakarsa daban, a rubuta wa ya ɗauka, a ina, ƙarfe nawa, a sa hannu, duk wanda ya karɓa daga baya shi ma ya sa. Riga mai jini a bari ta bushe a inuwa a sa ta a ambulan na takarda, leda gumi take yi jinin ya ruɓe. Nan lauyan wanda ake tuhuma yake fakewa, ya tambayi hannu nawa wuƙar nan ta bi kafin ta zo gaban alƙali, in aka yi shiru shi ke nan. Kai kuma ka karɓi suna da lambar IPO, wato ɗan sandan da aka ba binciken, ka rubuta jerin abin da suka tafi da shi.

Wanda aka kama a wajen a miƙa shi da ransa, in aka dake shi ya mutu an binne sunayen abokansa da mai sayen kayan, ga kuma sabuwar shari'ar kisa a kan 'yan unguwa.

Rodin shagon maƙocinmu kuwa har yau yana nan, mai shayin bakin layi ne yake tokare rumfarsa da shi.