Mario da Sonic a Katun Ɗaya: Kurakuran da Nake Yawan Gani a Littattafan Yaranmu

A shagon cajin waya da ke bakin kasuwar ƙauyenmu, nan ƙasar Ringim, akwai talabijin ɗaya da wata PlayStation 2 da ta sha jiki. Ranar da rana ta buɗe, sola ta cika batir, yara na buga Mortal Kombat da ƙwallo har la'asar sakaliya. Ranar da hadari ya haɗo ko hazo ya rufe, sai a ajiye hannuwan gem a koma musu, kuma musun bai cika sauyawa ba: da za a haɗa Scorpion na Mortal Kombat da Kratos na wasan God of War, wa zai kai wani ƙasa? Daga wannan musu ne wasunsu suka fara sayen littafi mai falle arba'in suna tsara katun mai dogon zango, wanda jaruman wasanni daban-daban za su haɗu a cikinsa. Da yake ni ke koyar da zane a firamarenmu, ni ake kawo wa in duba. Na karanta da dama, kuma inda wannan ya yi tuntuɓe, nan wancan ma yake yi.

Kuskure na farko dai cika gida da baƙi. Wani ɗan yayata ya kawo mini nasa, shafin farko sunaye ne zalla har ashirin da uku: Mario, Sonic, Ryu, Jin, CJ na San Andreas, Lara Croft, har da Pac-Man. Na ce masa, "To, wa ke da labarin a cikinsu?" Ya ce, "Kawu, ai duk ana son su." Gaskiyarsa, amma taron tsintsiya ne ba shara. Abin da ke ruɗin yara shi ne wasanni irin Super Smash Bros., wanda fitowarsa ta 2018 ta tara jarumai sama da tamanin. Sun manta a gem mutum ɗaya kake zaɓa, sauran suna jira a allo ba mai jin motsinsu. A shiri kuwa duk wanda ka shigo da shi sai ka ba shi baki, ka ba shi abin yi. Shi kansa Smash ɗin da ya fara fitowa a 1999 da jarumai 12 ya fara. Ka ɗauki uku ko huɗu, ka ajiye sauran su riƙa leƙowa ɗaya bayan ɗaya kamar baƙin ranar kasuwa.

Kuskuren da ya fi ci mini rai shi ne sauya wa jarumi hali. A nan zan ɗan daɗe, don shi ne ƙashin bayan aikin.

Mu Hausawa bai kamata a koya mana wannan ba, domin tatsuniyarmu ma haɗakar jarumai ce. Gizo na haɗuwa da Kura yau, gobe da Zaki, jibi da Sarki, ba a taɓa tsayawa ana gabatar da kowa ba, saboda an riga an san su. Gizo wayo da zalama, Kura kwaɗayi da wauta, Ƙoƙi haƙuri. Ka gwada yi wa yara tatsuniyar da Kura ta ga nama ta ce ta ƙoshi, ka ga yadda za su yi maka ca. Jaruman gem haka suke. Wanda ya zo kallon Sonic ya riga ya san shi: bushiya ce shuɗiya da kamfanin Sega ya fito da ita a 1991, ga gudu, ga rashin haƙuri, har idan ka ajiye hannun gem ka bar shi tsaye sai ya fara buga ƙafa a ƙasa yana hararar ka. Mario na Nintendo, wanda ya fara bayyana a Donkey Kong a 1981, mai gyaran famfo ne, ba ya cika baki, ba ya ƙorafi, aikinsa kawai ya sa a gaba. Scorpion ramuwar gayya ce ke tafiyar da shi, don an hallaka masa iyali da dangi. Amma a littattafan da ake kawo mini, duk su ukun murya ɗaya gare su, muryar yaron da ya rubuta. Kowa cewa yake, "Yau sai na ga bayanka."

Ba yaranmu kaɗai suka faɗa wannan rami ba. A 1989 tashar NBC ta Amurka ta fara nuna wani katun mai suna Captain N, inda aka ja wani saurayi ta cikin talabijin zuwa duniyar wasanni, ya haɗu da Mega Man da Simon Belmont da wasunsu. Mega Man da kowa ya sani shuɗi sai ga shi kore. Simon kuwa, mafaraucin dodanni mai murtuke fuska a wasan Castlevania, sai aka mayar da shi ɗan gayu mai yawan duba madubi. Har yau masu son waɗannan wasanni suna yi wa shirin tsiya a kan haka. A 2019 ma da aka saki tallan fim ɗin Sonic, surar da aka yi masa ta ƙananan idanu da haƙora irin na mutum ta jawo surutu har sai da kamfanin ya sake zana shi, aka ɗage fitowar fim ɗin daga Nuwamba 2019 zuwa Fabrairu 2020. Masu kuɗi ke nan.

Gyaran ba wuya. Kafin ka rubuta ko da jimla ɗaya ta labari, ka ba kowane jarumi shafi guda, ka amsa tambaya uku: me yake so, me yake tsoro, me ba ya iyawa? Ta ukun ita ce ta fi amfani, kuma ita ce yara suke tsallakewa, don ba sa son a ga kasawar gwaninsu. Sonic bai iya ruwa ba. Duk wanda ya buga wasansa ya san in ya faɗa ruwa nitsewa yake, yana neman kumfar iska, ga wani kiɗa mai tayar da hankali yana ƙirga masa lokaci. To ka kawo shi bakin Kogin Haɗeja a watan Agusta, ruwa ya cika ya tumbatsa, abin da yake bi yana tsallake. Halittar da ta fi kowa gudu tana zaune a kwalekwale tsakanin buhun gero da akuya, ta ƙanƙame katako, mai fito kuwa ya ce ba inda za shi sai jirgi ya cika. Wannan zama na minti biyu ya fi faɗa goma daɗin kallo, kuma ba ka ƙara wa Sonic komai ba, abin da yake da shi ka yi aiki da shi.

Daga nan sai maganar faɗan kanta. Yawancin littattafan ba labari ba ne, jadawalin dambe ne: wane ya fito, wane ya tare shi, aka kashe, na gaba. Ko a filin dambe ai ba naushin kaɗai ke tara jama'a ba. Akwai kirari, akwai kiɗa, akwai tsohuwar jiƙaƙƙa tsakanin Kudu da Arewa, akwai wanda aka kayar bara ya dawo neman fansa. Dole a sami dalilin da ya haɗa mutanen nan, kuma ya zama matsalar da ɗayansu ba zai iya warwarewa shi kaɗai ba. Dalilin ba sai ya yi nauyi ba. Nintendo da Sega sun shekara da shekaru suna kishiyantar juna, amma da suka tashi haɗa Mario da Sonic a wasa ɗaya a 2007, gasar Olamfik ce kawai ta zama hujja, kuma ta wadatar. Abin da ba na so shi ne ƙofar tsafi da ke buɗewa a sama duk lokacin da marubuci ya rasa mafita. In za ka yi ƙofar, yi ta sau ɗaya, ka sa mata doka: yaushe take buɗewa, me ake biya kafin a wuce, wa ba zai iya komawa gida ba.

Su ma bosawa kada ka jera su kamar 'yan uwa ɗaya. Bowser abokin gabar Mario da Dokta Eggman abokin gabar Sonic kowannensu sarki yake ɗaukar kansa. In sun haɗa kai, to kowa da wuƙarsa a ɓoye, kuma ranar da za su juya wa juna baya ita ce mai kallo ke jira.

Akwai wani kuskure da ba kowa ke lura da shi ba, wato kwaso dokar gem a zuba ta a shiri yadda take. A gem, in Mario ya faɗa rami kai ne gabanka ke faɗuwa, don kuɗin da ka ba mai shago ne ke tafiya, ga na bayanka yana miƙo hannu. Mai kallon katun ba ya riƙe da komai. In jaruminka ya mutu ya tashi da sabon rai sau uku a kashi ɗaya, ba wanda zai ƙara damuwa da shi. Ka bar wasu alamomin don daɗi, kamar laimar kwaɗin da Mario ke ci ya girma, ko zobban Sonic da ke watsewa in an buge shi. Amma a sami wani abu da in ya salwanta ba ya dawowa. Haka batun ƙarfi: in ka saka Kratos da cikakken ƙarfinsa, sauran sai dai su nemi inuwa su zauna. Ko dai ka rage masa da dalili, ko ka kawo matsalar da ƙarfi ba ya maganinta.

Tunda na ambaci Kratos, bari in faɗi abin da nake faɗa wa yaran. Ba kowane jarumi ne ke zama da kowa a tabarma ɗaya ba. Mortal Kombat da ya fito a 1992, zubar da jinin da ke cikinsa na daga abin da ya kai ga zama a majalisar dattawan Amurka a 1993, shekara ɗaya bayan nan aka kafa hukumar da ke sa wa wasanni alamar shekaru. God of War na 2005 kuwa kacokan a kan gumakan tsoffin Girkawa aka gina shi. Kai kuma abin da za ka yi, ta waya zai bi daga hannu zuwa hannu, ƙanwarka 'yar shekara shida za ta gani a wayar Inna, malamin makarantar allo ma zai iya leƙawa. Ka yanke tun farko wa kake yi wa. In na yara ne, Scorpion ya tsaya a waje, ko ya shigo ba tare da ƙugiyarsa ta huda kowa ba.

Harshe kuma, a taƙaice: kada ka kwaikwayi masu fassarar fim da ke magana ba numfashi tun daga farko har ƙarshe. Link na wasan Zelda kusan ba ya magana sam, kuma shirunsa na cikin abin da aka san shi da shi. Labarin da aka saka a Smash na 2008 kusan duk da motsi da kallo aka ba da shi. Wanda zai yi magana kuma ya yi da bakinsa, yadda ko a duhu za ka gane Gizo da tsamin bakinsa.

Sai lissafi, inda buri ke karo da gaskiya. Kusan kowane littafi an rubuta a bangonsa, "Zango na ɗaya, kashi hamsin." Fim yana tafiya ne da hoto 24 a daƙiƙa ɗaya, masu katun kuma sukan rage aiki su zana 12, kowane zane a nuna shi sau biyu. Minti ɗaya ke nan zane 720. Kashi ɗaya mai minti 20 zai ci 14,400. In kana zana ashirin kullum, ba zuwa gona, ba ciwo, ba ranar da waya ta mutu, sai ka kusa shekara biyu kafin ka gama kashi na farko. Ka fara da daƙiƙa talatin. Akwai manhajar yin katun FlipaClip a waya, mai kwamfuta kuma ga Blender kyauta. Ko ma ka zana hotuna goma marasa motsi a takarda, ka ɗauke su da waya, ku ɗora murya kai da abokanka a ɗaki bayan isha lokacin da gari ya yi shiru. In labarin ya riƙe mutum a haka, zai riƙe shi in ya motsa.

Kuma ka sani kayan aro ba ya rufe katara. Mario na Nintendo ne, Sonic na Sega, Kratos na Sony. Shi ya sa irin wannan haɗaka ke wuya ko ga manyan kamfanoni, sai an zauna an yi yarjejeniya a kan kowane jarumi. Zane a littafinka da nuna wa abokai ba mai bin ka. Amma ka ɗora a YouTube da niyyar samun kuɗi, ana iya sauke shi rana ɗaya, Nintendo kuwa ta yi suna wajen tsare kayanta. Ka ɗauki jaruman aro a matsayin allon koyo, kana yi kana shigo da naka a gefe.

Ɗan yayar tawa ya dawo bayan girbi da sabon littafi. Sunaye ashirin da uku sun koma uku, ya kuma ɗauki maganar kwalekwalen ya zana ta a shafi shida. Ya ƙara abin da ban faɗa masa ba: mai fiton dattijo ne mai kunne ɗaya da ba ya ji sosai, duk abin da Sonic ya ce sai ya amsa da farashin akuya. Ranar da ya karanta wa yaran a shagon caji, ba wanda ya tambayi wa ya doke wa. Wani ƙaramin cikinsu ne ya jawo rigarsa ya ce, "Yaya, Baba mai jirgi zai fito a kashi na biyu?"