Kurakuran da aka fi yi wajen gane nau'in ƙwayar maleriya a madubin gwaji

Masu gwajin jini da yawa, da zarar sun hango ƙwayar maleriya mai siffar zobe a gilashi sai su rubuta nau'in falciparum su ɗauki na gaba. Ita ce ta fi yawa a Afirka ta Yamma, ba musu, amma malariae da ovale suna nan, wani lokaci ma nau'i biyu a jikin mutum ɗaya. Ovale kuwa laɓewa take yi a hanta, ta taso bayan watanni in ba a haɗa da maganin primaquine ba. Idan ba ka gane ta ba, mara lafiyar zai dawo da zazzaɓinsa.

Tushen matsalar shi ne dogaro da shafi mai kauri kaɗai, wato jinin da aka shafa a gilashi da kauri. Shi aikinsa ya nuna ko akwai ƙwayar. Nau'i kuwa sai a siririn shafi, can wajen wutsiyarsa, inda jajayen ƙwayoyin jini ba su hau juna ba. A nan ka fara duba ƙwayar jinin kanta. Idan girmanta bai canza ba, ga ƙananan zobba biyu ko uku a ciki, wani ya manne a gefe, falciparum ce, balle in ka ga mai siffar ayaba. Idan ta kumbura ta yi ƙananan jajayen ɗige-ɗigen da ake kira Schüffner, bakinta ya yi geza, ovale ce. A nan wasu ke saurin cewa vivax, alhali ba ta cika kama mutanen yankinmu ba, domin akasarinsu ba su da sinadarin Duffy da take bi ta shiga. Malariae kan miƙe ta ratsa ƙwayar jinin daga gefe zuwa gefe.

Rini ma yana ɓata aiki. Rinin Giemsa na son ruwa mai pH 7.2, wato ma'aunin tsamin ruwa. Da ruwan famfo ko na rijiya, ɗige-ɗigen nan ba lallai su fito ba, sai ovale ta ɓace maka. Siririn shafi kawai ake sa wa methanol, sinadarin da ke kafe jinin a gilashi. In ya taɓa mai kauri, jajayen ƙwayoyin jinin ba za su fashe ba balle a ga ƙwayar maleriyar sosai.

Ƙurar hunturu, gurɓin rini da ƙwayar daskarar da jini da ta hau kan jar ƙwayar jini duk suna ruɗi. Ƙwayar gaske tana da jan ɗigo da shuɗin jiki tare. Kada ka bar jini ya jima a kwalbar EDTA, mai sinadarin hana jini daskarewa, siffar ƙwayar canzawa take yi. Kuma kafin ka rubuta babu, ka duba aƙalla fili 100 na madubin gwaji a shafi mai kauri.